Ina son yin aikin sa-kai da yara kafin bautar ƙasa, ta ina zan fara?

Ummi Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na kammala jami'a, amma sunana bai fito a rukunin bautar ƙasa na yanzu ba, don haka akwai watanni a gabana da ba ni da abin yi. Ina son in ba da lokacin nan ga wata ƙungiya mai aiki da yara, ko marayu, ko almajirai, ko 'yan gudun hijira. Kuɗi dai ba ni da su, amma na iya koyarwa, kuma ina da haƙuri da yara. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, ta ina ake farawa? Kuma yaya ake gane ƙungiyar ƙwarai? A Kano nake.

Abba Ɗorayi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki sa ƙafa ki tambaye su wa ake biya, wa ba a biya. Na yi wa wata ƙungiya aiki a nan cikin gari. Mu ne shan rana, mu ne bin lungu-lungu muna rubuta sunayen yara, mu ne ɗaukar buhu. Ranar da masu ba da kuɗin suka zo duba aiki, aka sa mana riguna masu tambari, aka jera mu aka yi hoto, shugabanni suka wuce otal taro. Ko kuɗin adaidaita ba a ba mu ba, wai ai lada muke nema. Kin san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ɗan talaka ne zai ciro daga aljihunsa ya je ya yi wa mai albashi aikinsa? Ni kam na daina.

Maman Khalifa:
Abba, abin da aka yi muku bai dace ba, kuma za a zo kansa. Bari in fara amsa wa yarinyar nan.

Ummi 'yata, ni malamar firamare ce. Ran Asabar da Lahadi muna da aji a soron wani bawan Allah a unguwarmu, muna koya wa yara karatu kyauta. Duk wanda ya zo mana da niyya irin taki, tambayata ta farko gare shi ita ce: yaushe za ka tafi? Domin abin da ya fi ba mu wahala ke nan. Matasa na zuwa da zafinsu, bayan 'yan makonni a neme su a rasa, ko sallama babu. Babba ya san uzuri, yaro bai sani ba.

Akwai wata yarinya a ajinmu, marainiya ce, kakarta ke riƙon ta, da ƙyar take buɗe baki. Wata ɗaliba mai sa-kai ta ja ta a jiki, tana gyara mata ɗankwali, tana zaunar da ita kusa da ita, har yarinyar ta fara ɗaga hannu a aji. Da ɗalibar ta daina zuwa, sai yarinyar nan ta koma zama a bakin ƙofa da littafinta a cinya tana leƙen hanya. In an ce ta shigo, sai ta ce Antinta take jira. Daga baya ta koma shirunta, har ya fi na da. Yaron da ya riga ya rasa uwa ko uba, in kika saba da shi sannan kika ɓace, tsohon ciwo kika fama masa.

Ke kin san watanninki ƙidayayyu ne, kuma wannan ba laifi ba ne. Ki faɗa wa ƙungiyar tun ranar farko, su ma yaran ki faɗa musu: ina tare da ku zuwa wata kaza. Ki zaɓi rana ɗaya ko biyu a mako waɗanda ko ruwa ake shekawa za ki je. In lokacin tafiya ya matso, ki kawo wadda za ta gaje ki ku yi aji tare, yaran su saba da fuskarta kina nan.

Ummi Gwale:
Na gode Mama. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. To shi karatun, da littafin makaranta kuke bi?

Maman Khalifa:
A'a. Za ki ga yaro ɗan aji biyar, ki rubuta masa "gida" a allo ya kasa karantawa. In kika ɗauko masa littafin aji biyar kin ƙara rikita shi. Mukan zauna da kowane yaro shi kaɗai mu gwada shi: ya san haruffa? Yana haɗa gaɓa? Yana karanta kalma, ko jimla, ko ɗan labari? Sai mu raba su gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba a duba shekaru ko aji. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan tsari, kuma an gwada shi a nan Kano a makarantun Wudil da Dawakin Tofa. Da Hausa muke farawa, don yaro ya fi saurin gane karatu da harshen da yake magana da shi. Kayan aikinmu kwali ne da muke yankawa mu rubuta ba, bi, bu, da tsinken tsintsiya da marafan lemo na lissafi. Ranar da yaro ya haɗa "ka" da "za" da kansa ya ce "kaza", ki dubi fuskarsa. Wani har tsalle yake yi.

Sadiq Zariya:
Ni matsalata da wannan duka ita ce muna rufa wa gwamnati asiri. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, a 2022 UNESCO ta ce adadin ya kai kusan miliyan 20, kuma kowa ya san a Arewa mafi yawansu suke. Aji nawa za a buɗe a soro kafin a cike wannan? A zamanin Jonathan an gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, aka buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, je ka ga halin da da yawansu ke ciki yanzu. A 2023 kuma aka kafa hukuma guda ta almajirai da yaran da ba sa makaranta. Ƙarfin da matasa ke kashewa a sa-kai, da sun kashe shi wajen tambayar inda kuɗin ilimi ke tafiya, da ya fi.

Maman Khalifa:
Sadiq, ka yi ta tambayar, muna bayanka. Ni da nake cikin ajin gwamnati kullum na fi ka sanin yawan yaran da ke zaune a ƙasa. Amma yarinyar da ke da shekara tara yau, in na ce ta jira a gyara kasafin kuɗi, kafin a gyara an kai ta ɗaki ba ta iya rubuta sunanta ba.

Habu Tela:
Salamu alaikum. Na ga an ambaci almajirai, shi ya sa zan sa baki, don ni an kawo ni Kano almajiranci tun ina ƙolo, a nan na sauke, a nan na koyi ɗinki.

Hajiya Ummi, in tsangaya za ki je, kada ki fara da yaran. Ki fara da malaminsu. Ki sami wani dattijo ko mai unguwa ya raka ki, ki gaishe shi yadda ake gaida malami, ki faɗi abin da ya kawo ki, ki yi shiru ki ji nasa. Iyaye shi suka damƙa wa amanar yaran nan, kuma ya sha ganin masu zuwa da kyamara suna ɗaukar yaro da roba a hannu, daga baya a ji ana zagin makarantarsa a rediyo. In ya ga kin zo da raini, zai karɓe ki da fara'a, amma ranar aji ba za ki ga yaro ko ɗaya ba.

Sai lokaci. Daga Asabar zuwa Laraba karatu ake yi, da asuba da yamma da dare, tsakani kuma yaro na neman abin da zai ci ko yana aiki gidan uwar ɗakinsa. Alhamis da Juma'a ne hutu. In kika sa aji lokacin da ya saba zuwa karɓar abinci, to kin sa shi zaɓi tsakanin boko da cikinsa, kuma kin san wanda zai zaɓa. Ko ɗan kunu da ƙosai aka tanada, aji zai zauna.

Wani abu kuma, kada ki ɗauka yaran nan ba su san komai ba. Yaron da yake wanke allonsa ya rubuta da tawada da hannunsa, ya haddace shafi a dare ɗaya a bakin wuta, ya san mene ne harafi, ya san wasali. Ni da na fara boko ina gardi, abin da ya fi ba ni wahala shi ne juya hannu daga hagu zuwa dama. Sauran duk ya zo da sauƙi.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya lokacin muna yara shi ne ƙazuwa da makero da zazzaɓi. Mun ga masu kawo shinkafa da azumi, Allah ya saka musu. Amma wanda har yau nake sa shi a addu'a wani ma'aikacin asibiti ne da yake zuwa duk Alhamis da sabulu da magani. Yakan sa mu wanke kayanmu mu shanya tabarmi a rana, ya duba tsakanin yatsunmu ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa. A lokacin nan kowa "kai almajiri" yake ce mana.

Abba Ɗorayi:
Allah ya saka da alheri Malam Habu. Wannan kam na yarda da shi, don ba ƙungiya a tsakani. Mutum ne da sabulunsa.

Binta Tarauni:
Abba, a nan zan saɓa maka. Na yi shekaru a aikin kula da jin daɗin yara, kuma abin da na gani shi ne "mutum da sabulunsa" yana iya zama alheri, yana kuma iya zama masifa. Mai mugun nufi da yara ba da wuƙa yake zuwa ba, da alewa da fara'a yake zuwa. Amfanin ƙungiya mai tsari shi ne akwai mai sa ido. Mu tuna 2019: a watan Satumba 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, alhali iyaye da hannunsu suka kai su don a gyara musu tarbiyya. Wata guda bayan nan aka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Onica a jihar Anambra. Duk inda aka tara yara ba mai leƙawa, sai a yi hattara.

Ummi, ga yadda nake gane ƙungiyar ƙwarai. Ki nemi ganin rajistarsu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ki kuma tambaya ko ma'aikatar mata ta jiha ta san da su, musamman in gidan marayu ne. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Ki lura ko su sun bincike ki. Ƙungiyar da kika je yau, gobe ta miƙa miki yara ba ta tambayi daga ina kike ba, ba ta nemi wanda zai tsaya miki ba, to haka za ta miƙa wa kowa. Ki tambaye su: in yaro ya faɗa mini wani na taɓa shi, wa zan gaya wa? In suka tsaya kallon juna, ki kama gabanki.

Ke ma akwai ƙa'idodin da za ki riƙe don kare kanki da yaran. Kada ki keɓe da yaro a ɗaki a rufe. Kada ki kai yaro gidanku ko unguwa ba da sanin mai riƙonsa ba. Kada ki ware ɗaya ki riƙa yi masa kyauta a ɓoye. Sannan batun hoto. Wannan ɗabi'a ta zuwa gidan marayu ranar zagayowar haihuwa, a jera yara a bayan katan ɗin taliya a ɗora a Facebook da TikTok, tana ƙona mini rai. Yaron nan zai girma, hoton na nan. Wa zai so abokan karatunsa su gan shi a haka?

Yagana Maiduguri:
Anti Binta kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mu a Maiduguri mun ga kowane irin mai taimako. Lokacin da sansanonin gudun hijira suka cika, ƙungiyoyi sun zo da yawa, kuma gaskiya sun ceci rayuka, ba mai musun wannan. Na koyar a ɗaya daga cikin tantunan da aka ware wa yara. Akwai yaron da duk takardar da ka ba shi, bindiga da gida yana cin wuta yake zanawa. An koya mana kada mu ce ya ba mu labarin abin da ya gani, mu dai bar shi ya yi wasa, mu kasance muna nan kullum a lokaci ɗaya. A hankali ya fara zana awaki.

Daga 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin gari, aka rufe na Bakasi, mutane suka watsu. Sai kuma farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta USAID, ayyuka da dama suka tsaya cak. Waɗanda suka rage tare da yaran su ne 'yan unguwa.

Shi ya sa nake yawan kawo misalin Barista Zannah Mustapha. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36, tun kafin rikicin ya ɓarke. Da abin ya yi tsanani bai rufe ba, ya riƙa karɓar marayun sojoji da na farar hula da 'ya'yan 'yan Boko Haram da aka kashe, duk a aji ɗaya, kyauta. Amincin da ya samu daga kowane ɓangare ne ya sa ya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016, da wasu 82 a 2017, shekarar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Shekara goma yana abu ɗaya a wuri ɗaya kafin duniya ta san sunansa.

Rabi Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa, daga Nijar nike. Ina so in ce ba koyarwa kaɗai ba ce hanya. Mu nan tun yunwar 2005 da ta cika likitocin Maraɗi da yara masu tamowa, aka fahimci cewa in an jira sai uwa ta kawo ɗanta, sau da yawa an makara. Shi ya sa ake horar da mata cikin gari su bi gida-gida da ɗan zaren awo mai launi ukku. Ana naɗa shi a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya a kula, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya likita ranar nan. Haka in ka danna bayan ƙafarsa da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Cikin yini guda ake koyon wannan. Wahalar ita ce shawo kan maigida ya bar matarsa ta tafi, da komawa a tabbatar yaron ne ke shan abincin gyaɗar da aka ba shi, ba a raba wa yayyensa ko an kai kasuwa ba. Baƙuwa ba ta iya wannan, sai wadda ake gaisawa da ita wajen biki da suna.

Baba Ɗan Agaji:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini. Na ji maganar Abba tun farko, ba a ba shi amsa ba.

Aikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tashi mun tarar ana gayya a gona da yaɓen ɗaki, kuma tun bayan da Sardauna ya kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962 aka san 'yan agaji a filin idi da sansanin alhazai da wurin gobara. Ba a biyan mu. Amma ko a gayya, mai gona shi ke kawo fura da tuwo. Ba a taɓa cewa mutum ya zo ya yi maka noma kuma ya taho da abincinsa ba. Don haka ɗana, kuɗin mota da na ruwa haƙƙinku ne in ƙungiyar na da shi, kuma karɓarsa ba ya rage lada. Wanda ya karɓo kuɗi da sunan aikinku ya hana ku, zai yi bayani gaban Allah.

Ku dubi matan da suka yi aikin rigakafin shan inna. Ɗan abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, ga zagi, ga rufe ƙofa a fuska. A Fabrairun 2013 aka harbe tara daga cikin masu wannan aiki a nan Kano. Sauran ba su fasa ba, har aka wayi gari a 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Da an ce su riƙa biyan kuɗin mota da kansu, da ba a kai ko'ina ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. To mai yunwa ba ya iya dawwama.

Abba Ɗorayi:
Allah ya ƙara girma Baba, ka fahimce ni. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne N-Power, shirin gwamnatin tarayya na samar wa matasa aiki. Tun 2016 da aka riƙa kiran matasan shirin masu sa-kai ana ba su naira 30,000 a wata, yanzu duk wanda ka gayyata sai ya ce nawa ne, su kuma ƙungiyoyi su fake da lada. Ni abin da nake so shi ne a faɗa wa mutum gaskiya tun farko: akwai kaza, ko babu komai. In babu, kuma na ga shugaban ma a ƙafa yake zuwa, wallahi zan yi.

Sadiq Zariya:
Har yanzu ina kan bakana game da gwamnati. Amma Mama, in kuna rubuta sakamakon gwajin nan da kuke yi wa yara, ku ba mu. Da shi za mu je wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da kwamitin makaranta, mu ce ga 'yan aji biyar ɗinku da ba su iya karanta kalma ba.

Maman Khalifa:
Muna rubutawa. Zan cire sunayen yaran in turo maka.

Ummi Gwale:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Akwai tsangaya a bayan layinmu, yaran na zuwa gidanmu ɗibar ruwa, da ƙafa ma zan iya zuwa. Mama, ina roƙon in fara zuwa ajinku in ga yadda ake gwajin da raba yaran kafin in tunkari wani abu. Malam Habu, in na shirya za ka iya raka mu wajen malamin?

Habu Tela:
In sha Allahu. Ki bari sai Alhamis da hantsi, lokacin ya fi sakewa. Ki taho da mahaifinki ko yayanki, a riƙo ɗan goro. Ranar farko kada ki zo da takarda ko waya a hannu, gaisuwa ce kawai. Kuma ki sani zai fi yarda ki koyar da ƙananan, gardawa sai an samo musu namiji.

Maman Khalifa:
Ummi, ki zo Asabar ƙarfe tara, ki taho da almakashi da duk kwalin da kika samu a gida. Za ki cike takarda, kuma ina son lambar babba guda da zai tsaya miki. Abba, ka ji ana neman namiji ga gardawa. Albashi babu, ni ma ba ni da shi a nan, amma iyayen unguwa na haɗa ɗan abin da muke biyan kuɗin mota da shi, kuma littafin shiga da fitar kuɗin a buɗe yake ga kowa.

Abba Ɗorayi:
Zan zo Asabar ɗin in duba littafin, Mama. Malam Habu, gardawan sun kai nawa a irin wannan tsangayar, kuma lissafi za su fi so a fara musu ko karatu?

Habu Tela:
Sai mun je mun gani. Amma mafi yawansu na taɓa sana'a, wani wankin hula, wani yankan farce, wani tura baro. Ka fara musu da lissafin kuɗi da karanta saƙon waya.